Itace a bakin tagar ɗakin jinya: abin da alƙaluma suka ce

A 1984 mujallar Science ta buga binciken Roger Ulrich kan mutum 46 da aka cire wa madaciya a wani asibiti na jihar Fensilbaniya a Amurka. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon itatuwa, rabin kuma bangon bulo. Idan aka raba daidai, masu kallon itatuwa sun yi kwana 7.96 bayan tiyata, masu kallon bango kwana 8.70.

Tazarar kwana 0.74 ce, wajen awa 18. A kan mutum ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Amma a lissafa da marasa lafiya 100: kwanan gado 74 ke nan, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san abin da kwana guda ke ci na magani da abinci da kuɗin Keke Napep. Masu kallon itatuwan sun kuma nemi maganin kashe ciwo mai ƙarfi ƙasa da sauran.

Ma'aikata ma suna da rabo. Wani bincike na 2018 a asibitin Legacy Emanuel da ke Fotlan ya nuna nas-nas da ke hutun aiki cikin lambu sun fi samun sauƙin gajiyar zuciya fiye da lokacin da suke hutawa a ɗaki.

Mutum 46 na binciken Ulrich ba su da yawa, kuma tiyata iri ɗaya ce a ƙasar sanyi. Ni a ganina hujjarmu a nan Yola ta ma fi tasu ƙarfi, domin a nan itace kariya ce daga zafi. A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa zafin bango ko daɓen da inuwa ta rufe na iya gaza na wanda rana ke duka da digiri 11 zuwa 25. Ɗakin da darbejiya ta kare masa ranar yamma daban yake idan aka ɗauke wuta, haka ma mai jinyar da ke yini a tsakar gida.

Shi ya sa nake roƙon Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da Asibitin Ƙwararru na Jimeta su auna nasu: zafin ɗakuna masu inuwa da marasa ita, da kwanakin kwanciya a kowanne. Ma'aunin zafi da littafin rajista sun isa a fara.