In Tafiya Ta Kama Ki Zuwa Ikko

'Yar'uwa, matan Jega da Aliero da Maiyama da yawa suna da miji ko ɗa a Ikko wajen cinikin albasa. Wata rana ke ma za a ce ki ɗaura kaya. To, ga abin da za ki tarar.

Farkon abin da zai tarye ki shi ne gumi. Iskar can jiƙaƙƙiya ce, hunturu kuwa sai dai ki ji labari. Kukar miya da daddawar da ki ka ƙullo, ki rufe su ƙam cikin kwalba, in ba haka ba kafin sati biyu sun yi fumfuna.

Kewar gida ba za ta dame ki ba. A Agege da Idi-Araba da Obalende Hausa a ke yi, ga masallatai ga masu tuwo. A kasuwar Mil 12 kuwa za ki ga albasarmu tsibi-tsibi, sai dai kuɗinta ya ba ki dariya. Atamfa da leshi sai kasuwar Balogun, amma ki damƙe jakarki, ki taya da ƙarfin hali.

'Yan makaranta, ku matsa wa manya su kai ku Filin Tafawa Ɓalewa, inda a ka sauke tutar Ingila ran 1 ga Oktoba 1960. Gidan tarihi na Onikan, wanda a ka buɗe a 1957, yana nan kusa. Sai kuma babbar gadar nan ta 1990, ta fi mil 7 bisa ruwa. Kai, abin sai wanda ya gani!

Yanzu maganar teku, kuma nan na ke so ki natsu. Kada ki auna ta da gulbin Zamfara da mu ka saba wanki a bakinsa. Igiyar ruwa ta kan taso ta doki ƙafa, in za ta koma sai ta zare yashin da mutum ya taka. Yaron da ruwa ya tsaya masa a gwiwa, kafin ki gyara goyo ta ɗauke shi. Bar Beach da iyayenmu ke labari an cike shi da yashi an yi gine-gine, yanzu Lekki a ke zuwa, akasari da kuɗin shiga. In kun je, hannun yaro kada ya bar naki, ki kuma zauna can baya inda yashi ya bushe.