Indiya da Pakistan: Taƙaddama Kan Wanda Ya Raba Faɗan Mayun 2025

A ranar 10 ga Mayun 2025 ne Indiya da Pakistan suka tsagaita wuta bayan kwana huɗu suna musayar wuta da makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa, rikicin da ya ɓarke a ranar 7 ga watan, lokacin da Indiya ta kai hari cikin Pakistan domin ramuwar gayya kan kisan mutum 26 a Pahalgam da ke yankin Kashmir, kisan da ta ɗora alhakinsa a kan maƙwabciyar tata, ita kuwa ta musanta. Shugaban Amurka Donald Trump ne ya riga kowa shelanta tsagaita wutar, yana mai cewa ƙasarsa ce ta shiga tsakani, daga bisani kuma ya yi ta nanata cewa da batun ciniki ya shawo kan ɓangarorin biyu.

Pakistan ta karɓi wannan bayani hannu bibbiyu, domin Firayim Minista Shehbaz Sharif ya yi wa Trump godiya, sannan a watan Yuni gwamnatinsa ta ce za ta gabatar da sunansa domin lambar yabo ta zaman lafiya ta Nobel. Indiya kuwa ta tsaya kai da fata cewa babban daraktan ayyukan soja na Pakistan ne ya kira takwaransa na Indiya ta waya, suka daidaita a tsakaninsu, kuma a watan Yuli Firayim Minista Narendra Modi ya faɗa wa majalisar dokoki cewa babu wani shugaban duniya da ya nemi Indiya ta dakatar da farmakinta.

Babu mai musun cewa jami'an Amurka, ciki har da Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio, sun yi ta kiran manyan jami'an ƙasashen biyu a waɗancan kwanaki, abin da ake ja-in-ja a kansa shi ne matsayin wannan aiki. A tsarin diflomasiyya akwai bambanci tsakanin lallashi, wato ƙasa ta uku ta roƙi masu faɗa su saurari juna ba tare da ta sa baki a sharuɗɗa ba, da shiga tsakani na ainihi, inda masu faɗan suke amincewa da wani ya zauna a teburinsu ya kawo shawarwarin sasantawa.

Tushen wannan saɓani yana cikin tarihin Kashmir. Indiya ce da kanta ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya kan rikicin yankin a 1948, kuma Tarayyar Sobiyet ce ta sasanta ƙasashen a Tashkent a 1966 bayan yaƙin 1965, amma tun daga yarjejeniyar Simla ta 1972, wadda Indira Gandhi ta Indiya da Zulfikar Ali Bhutto na Pakistan suka sa wa hannu, Indiya ta riƙe cewa duk wata matsala tsakaninsu su biyu ne za su warware ta. Dalilin a bayyane yake: wadda ta fi girma da ƙarfin tattalin arziki ta fi samun rinjaye idan aka bar ta da abokiyar hamayyarta su kaɗai, ita kuma Pakistan tana ganin shigowar baƙo a matsayin hanyar daidaita ma'auni da mayar da Kashmir batun duniya.

Saboda haka kowane ɓangare yana auna abin da bayanin zai jawo masa gobe. Idan Indiya ta yarda cewa baƙo ne ya raba faɗan, to ta buɗe ƙofar da ta rufe fiye da shekara 50, kuma 'yan adawa a gida za su ce an tanƙwara gwamnati daga waje. Pakistan tana neman kusanci da Washinton. Trump kuwa yana neman sunan mai sulhu. Gardama kan wanda ya dakatar da yaƙin ta zama gardama kan wanda zai samu wurin zama idan an zo tattauna makomar Kashmir, kuma muddin ba a warware wannan ba, ƙasashen biyu ba za su taɓa haɗuwa a kan labari guda ba.