Rigar ruwa: ta tare ruwan sama, ta bar zufa ta fita

A Afala, arewa da birnin Tawa, damana gajera ce. Mafi yawan ruwan shekara yana sauka ne a watannin Yuli da Agusta, daidai lokacin da hatsi yake bukatar noma da maimai. Saboda haka manomi ba ya barin gona don yayyafi. Wani ya sayi rigar ruwa ta roba a kasuwar Tawa, wani ya huda leda ya zura kansa. Amma sau da yawa mukan ga mutum ya tuɓe rigar, taguwarsa ta ciki sharkaf, ya ce rigar tana yoyo. Ba yoyo ba ne, zufarsa ce.

Ga dalili. Jikin mai aiki yana yin zafi, sai ya fitar da zufa. Idan iska ta busar da ita, jiki ya yi sanyi, kamar yadda tulu mai tsatsafa yake sanyaya ruwa. Mai aikin ƙarfi cikin zafi yana iya zubar da lita 1 ta zufa cikin awa guda. Bayan ruwa iska takan cika da laima, zufa ba ta bushewa da sauri. Roba kuwa ba ta barin komi ya ratsa ta. Zafi ya taru, sai ciwon kai, jiri da kasala. Fata ta daɗe a jiƙe, sai ƙuraje da ƙaiƙayi.

Masu masaƙu sun nemi dabara. A shekarar 1969, a Amurka, Bob Gore ya gano abin da ake yin yadin Gore-Tex da shi: ƙofofinsa ƙanana ne ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya shiga, amma tururin jiki yana fita. Sai dai yana da tsada, kuma aikinsa yana raguwa idan iskar waje ma tana da zafi da laima. Kakanninmu sun bi wata hanya: kabido na kaba da malfa mai faɗi. Ruwa ya zurare ta sama, iska ta shiga ta ƙasa.

To, ƴan'uwa manoma, mu kiyaye waɗannan:

Mu zaɓi riga mai yalwa, buɗaɗɗiya ta ƙasa da hammata. Kada mu ɗaure ta a wuya ko a ƙugu.

Mu sa taguwar auduga marar nauyi a ciki, mu canza ta in mun koma gida.

Ruwa na ɗaukewa, mu tuɓe rigar, mu shanya ta a inuwa.

Mu sha ruwa ko da hadari ya rufe rana.

Kada mu yafa buhu ko ledar da ta taɓa maganin ƙwari, domin guba tana shiga ta fata.

Wanda jiri ya kama, a tuɓe masa roba, a kai shi inuwa, a ba shi ruwa. In ya rikice ko ya suma, a yayyafa masa ruwa, a gaggauta kai shi likita.

Kwana uku na jinya a tsakiyar noma, ciyawa ce take cin ribarsu. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.