Alƙahira, Birnin Bakin Nilu

Duk wanda ya zauna da malamai ko alhazai ya ji sunan ƙasar Masar. Babban birninta shi ne Alƙahira. Yana cikin biranen da suka fi girma a duk Afirka. In an haɗa da unguwannin da ke kewaye da shi, mutanensa sun fi miliyan 20.

Amma ga abin mamaki. Ruwan sama ba ya zuba a can sai ɗan kaɗan. Wanda a ke samu a shekara guda bai wuce inci ɗaya ba, mu kuwa nan ya kan zuba haka a dare ɗaya cikin Agusta. Gabas da birnin hamada ce, yamma ma hamada ce. To, me wannan taron jama'a su ke sha, me kuma su ke ci? Asirin abin yana ga kogin Nilu.

Kogin Nilu

Nilu daga kudu ya ke fitowa. Rassa biyu ne suka haɗu a Hartum, cikin ƙasar Sudan. Ɗaya ya taso daga manyan tafkuna na wajen Uganda, ɗaya daga duwatsun Habasha. Mafi yawan ruwan da ke isa Masar daga Habasha ya ke zuwa.

Da kogin ya wuce Alƙahira kaɗan, sai ya rabu biyu, ya bi ta cikin wata babbar fadama har ya faɗa Bahar Rum. Birnin yana daidai bakin wannan fadama. Duk jirgin ruwan da za shi kudu ko arewa, tilas ya bi ta nan. Kun ga ke nan, wanda ya riƙe wurin ya riƙe ƙasar duka.

A zamanin da, kogin ya kan yi ambaliya kowace shekara, ya bar baƙar laka a gonaki. Wannan laka ita ce takinsu. A shekarar 861 aka gina wata rijiya a tsibirin Rauda, da ginshiƙi mai zane-zane a tsakiyarta, don auna ruwan. In ya kai kamu 16, an san za a yi albarka. In ya gaza, sai a yi shirin yunwa. Da wannan awo a ke yanka harajin manoma. Rijiyar tana nan har yau.

Yadda Aka Kafa Birnin

Tun zamanin Fir'aunoni akwai babban birni kusa da nan, sunansa Manfis. Su ne suka gina dalar dutse a Giza, yamma da kogin. Dattawanmu sun tuna da dalar gyaɗa da a ke tarawa a Kano a da. To, haka siffarsu ta ke, sai dai waɗannan da dutse aka yi su, kuma kaburburan sarakuna ne. Babbar cikinsu ta yi shekara wajen 4,500. Sa'ad da aka gama ta, tsawonta ya kai ƙafa 480.

A shekarar 641 Musulmi suka ci Masar, shugaban yaƙinsu shi ne Amru ɗan Asi. Ya kafa gari a bakin kogin, aka kira shi Fusɗaɗ, ya gina masallacin farko na ƙasar. Bayan haka, a 969, wani sarkin yaƙi na Faɗimawa mai suna Jauhar ya zo daga yamma, ya kewaye wani fili da ganuwa arewa da Fusɗaɗ. Wannan shi ne Alƙahira, watau mai rinjaye. A 970 aka soma ginin masallacin Azhar, wanda ya zama babbar makaranta. A 1176 Sarki Salahuddini ya soma gina ƙaƙƙarfan gidan sarauta bisa dutse, a gabashin birnin. Daga can aka riƙa mulkin Masar shekara wajen 700.

Zumuncinmu da Su

Hanyar Makka ta arewa ta Alƙahira ta bi, saboda haka mutanen ƙasashenmu sun daɗe da sanin birnin. Wajen shekarar 1240 mutanen Kanem suka kafa makaranta a can domin almajiransu. A 1324 Sarkin Mali, Mansa Musa, ya sauka a birnin za shi haji. Ya yi kyautar zinariya da yawa har darajarta ta faɗi a kasuwa. Shehu Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, mutumin Alƙahira ne. Ya rubuta wa sarakunan Katsina da na Agadas takardar nasiha. Har yanzu 'ya'yanmu suna zuwa Azhar neman ilmi.

Arzikin Birnin

Arzikin farko daga fatauci ya fito. Kayan yaji na Hindu su kan zo ta Bahar Maliya, a kawo su Alƙahira, a sa a jirage zuwa Iskandariya, Turawa su saya. Zinariya kuma tana zuwa daga ƙasashenmu. Kasuwar Han Halili, wadda aka kafa fiye da shekara 600 da suka wuce, tana ci har yau.

A 1498 Turawan Fotugal suka gano hanyar zuwa Hindu ta kudancin Afirka, ba sai sun bi ta Masar ba. A 1517 kuma Turkawa suka ci ƙasar, aka riƙa mulkinta daga Istambul.

Muhammadu Ali ya hau mulki a 1805. Shi ya sa manoma suka dage da noman auduga mai dogon zare, wadda masaƙun Turai ke so ƙwarai. A 1856 jirgin ƙasa ya haɗa Alƙahira da Iskandariya. A 1869 aka buɗe mashigin Suwes, watau hanyar ruwa da aka haƙa tsakanin Bahar Rum da Bahar Maliya. Amma sarakunan sun ci bashi fiye da ƙarfinsu, har Ingilishi suka shiga ƙasar a 1882. A 1952 sojoji suka tuɓe Sarki Faruku, daga baya Jamal Abdul Nasir ya zama shugaba.

Yau akwai masaƙu da ma'aikatu da bankuna a birnin. Ana buga littattafai, ana shirya wasannin sinima da a ke kallo a duk ƙasashen Larabawa. Baƙi masu zuwa kallon dala da tsofaffin masallatai suna kawo kuɗi da yawa. A 1987 aka buɗe jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, irinsa na farko a Afirka.

Abin da Ke Damunsu

A 1970 aka gama babbar madatsar ruwa a Aswan, can kudu. Ta ba da lantarki, ta hana ambaliya, manomi ya sami ruwa rani da damina. Amma lakar nan ta daina zuwa, sai da takin zamani a ke noma.

Mutanen Masar sun wuce miliyan 100, kusan dukansu a bakin kogin su ke zaune. Birnin kuwa kullum ƙara faɗi ya ke yi, ana gina gidaje bisa gonaki. Gonar da aka zuba wa siminti ba ta sake ba da hatsi. Masar tana cikin ƙasashen da suka fi sayen alkama daga waje. Mutanenta suna kiran gurasa "aish", ma'anarsa rayuwa. Don rage cunkoso, a 2015 gwamnati ta ba da sanarwar gina sabon birnin mulki a hamada, kamar mil 28 gabas da Alƙahira. Ofisoshi da yawa sun riga sun koma can.

Akwai kuma maganar rabon ruwan. A 2011 Habasha ta soma gina tata madatsar a kan reshen da ya fito daga ƙasarta, aka yi bikin buɗe ta a 2025. Habasha tana bukatar lantarki, Masar tana tsoron kada ruwa ya ragu a shekarar fari. Mu da ke noman rani mun san irin wannan magana tsakanin mai gonar sama da mai gonar ƙasa. Ba ta ƙarewa sai an zauna an yi shawara, kowa ya san rabonsa.

Tambayoyi

1. Daga wace ƙasa mafi yawan ruwan Nilu ya ke zuwa?
2. Don me aka gina rijiyar Rauda?
3. A wace shekara aka kafa Alƙahira?
4. Wane amfani madatsar Aswan ta kawo, wace hasara kuma?