Ma'anar "Regardless of Fault" da Yadda Ake Amfani da Ita

Akwai wata magana ta Turanci wadda ma'aikata su kan ci karo da ita cikin takardun inshora da na diyyar rauni, watau "regardless of fault". Da yake rashin fahimtarta ya kan sa mai haƙƙi ya bar haƙƙinsa, an ga ya kamata a bayyana wa jama'a ma'anarta.

Ma'anar maganar

Kalmar "fault" a nan tana nufin sakaci ko kuskuren da ya jawo haɗari. "Regardless of" kuwa ma'anarta ba tare da la'akari da abu ba. Saboda haka fassarar da ta dace ita ce: ko da sakacin wane ne. Watau za a biya diyya ko ma'aikacin ne ya yi kuskure, ko abokin aikinsa, ko wanda ya ɗauke shi aiki, ko kuma ba kuskuren kowa ba ne.

Kurakuran da a ke yi

Na farko, lalle ne kalmar "of" ta biyo bayan "regardless". Wanda ya rubuta "regardless to fault" ya yi kuskure. Ana iya cewa "irrespective of fault", ma'anarsu ɗaya. Amma "irregardless" ba a yarda da ita cikin takardun hukuma ba.

Na biyu, kada a haɗa ta da "without fault", wadda ke nufin babu sakaci sam. Mai fassarar da ya rikita su zai sa ma'aikaci ya zaci sai wanda bai yi kuskure ba a ke biya.

Na uku, "despite fault" tana nuna an riga an tabbatar da sakaci amma aka yi rangwame. Ita kuwa "regardless of fault" tana nufin tun farko ba a binciken sakaci kafin a biya.

Na huɗu, "no-fault" sifa ce, tana zuwa gaban suna, kamar a ce "no-fault scheme". Ba a fassara ta da "babu laifi".

Inda maganar ke aiki

Ƙasar Jamus ta kafa inshorar haɗarin ma'aikata bisa wannan ƙa'ida cikin 1884, Ingila kuma ta yi dokar diyyarta cikin 1897. A Nijeriya, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta bi wannan hanya, kuma hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun. Masu ɗaukar ma'aikata su ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya kowane wata, kuma an hana su cire kuɗin daga albashin ma'aikaci.

Ga misali, injin masaƙa ya kama hannun ma'aikaci domin hankalinsa ya ɗauke. Sau da yawa irin wannan mutum ya kan yi shiru, yana cewa ai shi ya jawo wa kansa. To, wannan kuskuren bai hana shi neman diyya ba. Abin da a ke bukata shi ne ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cikin kwana 14, a kuma shigar da takardar neman diyya kafin shekara guda ta cika.

Jan kunne

Wannan magana ta shafi biyan diyya ne kawai, ba ta wanke kowa ba. Mai masana'antar da ya ƙi sa wa injinansa kariya yana iya fuskantar hukunci a ƙarƙashin dokar masana'antu, ko da an biya wanda ya ji rauni. Haka nan ma'aikaci bai sami izinin wasa da ƙa'idodin tsaro ba, gama kuɗi ba su mayar da hannun da ya guntule.

Ana roƙon masu fassara, da akawuna, da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago su lura da waɗannan bambance-bambance, su kuma bayyana su ga waɗanda ba su jin Turanci. Mai neman ƙarin bayani sai ya tafi ofishin NSITF mafi kusa da shi.