Birkin Diram: Abin Da Ke Ɓoye A Bayan Tayar Tsohuwar Mota

Lokacin da kawuna ya ba ni tsohuwar a-kori-kurarsa, Peugeot 504, rediyo da cajar waya na fara gyarawa. Birkin kuwa sai na taka sau biyu kafin ya kama, amma ban damu ba. Ranar da na kusa bugun mai Keke a mahaɗar hanya na garzaya wurin bakanike. Yana zare tayar baya ya ciro diram, sai ga ciki jiƙe sharkaf da man birki.

A sana'ata ta haɗa manhaja, matsalar da ba ta nuna kanta ita ta fi illa. Haka birkin diram yake: komai nasa a rufe yake. Louis Renault ya yi rajistar fasahar a 1902, kuma ita ce a tayoyi huɗu na yawancin Volkswagen Beetle, da tayoyin bayan a-kori-kurar 504.

Sassan da ya kamata ka sani

1. Diram: kwanon ƙarfe ne da ke juyawa tare da taya. Yana cinyewa daga ciki, kuma galibi akan rubuta iyakar faɗinsa a jikinsa. Idan ya wuce ta, canji ya zama dole.

2. Shu: ƙarafa biyu ne lanƙwasassu masu lainin a bayansu. Lainin ɗin ne ke gogar diram ya tsayar da mota. Juyawar diram kan ƙara danna shu na gaba, shi ya sa ya fi saurin cinyewa.

3. Silindar taya: idan ka taka birki, mai ne ke shigowa nan ya tura fistin, su buɗe shu. Robobinta na tsufa, mai ya fara yoyo. Wannan ce matsalar motata.

4. Sifirin: wasu na dawo da shu bayan ka ɗaga ƙafa, wasu na riƙe shi a jikin farantin baya. Idan suka saki, birki zai riƙa riƙe taya, ta yi zafi.

5. Abin saiti: ɗan ƙarfe ne mai haƙora kamar tauraro, yana rage tazarar shu da diram. A Beetle da hannu ake juya shi. Idan tazarar ta yi yawa, ƙafarka za ta nutse kafin birki ya kama.

6. Birkin hannu: waya ce ke jan shu ɗin baya kai tsaye, ba ruwanta da mai.

Inda rauninsa yake

Zafi ne babban abokin gabarsa. Da yake a rufe yake, idan ka daɗe kana taka shi a gangara, diram na faɗaɗa, lainin ya rage kamu. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke sauka gangara da ƙaramar giya. Haka bayan ka ratsa ruwa da damina, taka birki a hankali har ya bushe. Wannan raunin ne ya ba birkin faifai dama, musamman bayan Jaguar ta lashe tseren Le Mans da shi a 1953.

Kafin a kwance

Ɗauki hoto da wayarka, domin sifirin na da sauƙin rikicewa wajen mayarwa. A gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, amma a canza shu ɗin ɓangarorin biyu tare, kada mota ta riƙa ja gefe. Lainin da ya sha mai ba a wanke shi, canza shi ake yi. Kada a hure ƙurar ciki da baki ko iskar famfo: tsohon lainin na iya ƙunsar asbestos, wanda ke jawo ciwon huhu da daji. A jiƙa ta a goge.

Kada ka ɗauka fasahar ta mutu. Volkswagen ID.3 da ID.4 masu lantarki diram ne a bayansu, domin injinsu ne ke yin yawancin aikin rage gudu, kuma rufin na kare birkin daga tsatsa. Idan ka samu tsohuwar mota, a fara buɗe maka diram. Rediyo zai iya jira.