Yaro Ya Karya Haƙori a Makaranta: Wa Zai Biya?

'Yan'uwa, akwai wata ƙara da take yawan zuwa gaban dattawan ikkilisiya, musamman inda muke da makarantar firamare a harabar majami'a. Yaro ya fāɗi a filin ƙwallo, ko ɗan ajinsu ya ture shi ya bugi benci, haƙorin gaba ya karye ko ya fita ɗungum. Hedimasta ya ce hatsari ne, uban yaro ya ce lafiya lau ya aiko ɗansa, iyayen wanda ya yi turin kuwa su ce wasan yara ne. Sai a yi mako guda ana wannan gardama, alhali lokacin ceton haƙorin ya wuce tun ranar farko.

Yawancinmu ba mu san cewa haƙorin da ya fita da saiwarsa yana iya komawa ya kama ba. Likitocin haƙori sun ce a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare shi ko a naɗe shi a takarda. A jefa shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, in babu madara yaron ya tofa yawu a kofi a sa shi ciki, a garzaya asibiti kafin awa 1 ta cika. Ko guntun da ya karye a tafi da shi. Wannan ya shafi yaron da ya riga ya yi famfara ne, wato daga wajen shekara 6 zuwa 8 sabbin haƙoran gaba suke fitowa, kuma babu wasu a bayansu. Haƙoran ƙuruciya ba a mayar da su, domin kada a ɓata wanda yake tsirowa a ƙarƙashi.

To, ga inda kuɗi ya shigo. Galibi likitan haƙori sai a manyan asibitoci, irin su asibitin koyarwa na Jos ko na Shika a Zariya, ko babban asibitin gari. Malamin da ba shi da kuɗin mota da na kati a hannu ba zai tashi ba, sai ya aika a kira uba, uban kuwa yana gona. Kuma aikin ba na rana ɗaya ba ne: za a ɗaure haƙorin da na kusa da shi kamar mako 2, sau da yawa a komo a yi aikin saiwa. Gaskiya ne dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Nijeriya, jihohi kamar Filato da Kaduna suna da hukumominsu na taimakekeniya, amma manoma da 'yan tireda da yawa a cikinmu ba su shiga ba. Wanda ya shiga ma, ya kamata ya tambaya tun yanzu wane aikin haƙori katinsa ya ɗauka.

Littafi Mai Tsarki bai raina haƙori ba. A Fitowa 21:27 bawan da ubangidansa ya fasa masa haƙori yana samun 'yanci saboda shi, aya ta 18 da 19 kuma sun ɗora wa wanda ya ji wa ɗan'uwansa rauni a faɗa nauyin jinyarsa har ya warke. Saboda haka, a ganinmu, in lilo ne ya ruɓe, ko malami ne ya kai duka a fuska, makaranta ce za ta biya, kasancewarta ta ikkilisiya ba hujjar kaucewa ba ce. In faɗa ne, iyayen mai duka su ɗauki rabonsu gwargwadon ƙarfinsu, dattawa su daidaita ba tare da an kai ga 'yan sanda ba. In kuwa tuntuɓe ne kawai, kada a bar gida ɗaya da nauyin.

Amma duk wannan rabo bayan magani ne. Muna roƙon kowace ƙungiyar iyaye da malamai ta ware wani ɗan abu daga kuɗin da take karɓa kowane zango, Zumuntar Mata ta ƙara nata, a ajiye a hannun hedimasta da ma'aji tare da izini a rubuce na kai yaro asibiti nan take. A liƙa sunan asibiti mafi kusa da yake da likitan haƙori a ofis, a kuma ajiye gwangwanin madara da ba a fasa ba a cikin akwatin magani.